Tantin Likitan Awaki

Éphraïm ƙanen mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya da marigayi Ambroise. A nan Gecheme ba mai kiransa da wannan suna sai fasto ranar Lahadi. Kowa Likitan Awaki yake ce masa, domin tun yana ƙarami, in ɗan akuya ya karye, shi ke ɗaure ƙafar da kara da tsumma. Da wannan suna na same shi da aka kawo ni gidansu, kuma da shi na riƙe shi shekara talatin, ban taɓa kama sunansa na gaskiya ba. Shi kuwa uwargida yake ce mini, wai wansa aro kawai ya yi, ni tasa ce. Wasan ƙanen miji ne, bai bar shi ba ko bayan da muka binne Ambroise.

Bai yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba. Ya yi noma, ya yi ginin rijiya, sai wata shekara aka zo neman waɗanda za a koya wa allurar dabbobi. Ya je Dogon Dutsi ya yi sati uku, ya dawo da akwatin ƙanƙara na ajiye magani da wata allura ta ƙarfe mai hannu, wadda in ya danna ta takan ce ƙas, ƙas. Mutane suka sa mata suna bindigar awaki. Tun daga nan kekensa ya san kowace hanya daga Gecheme zuwa Dumega. Babur bai taɓa saye ba. Da can rashin hali ne. Yanzu kuwa ya ce ko kyauta ba ya so, tunda a wannan zamani na 'yan bindiga ƙarar babur a daji takan sa mata su kwashi 'ya'yansu su faɗa cikin hatsi.

Da damina aikinsa ya fi yawa, kuma ya fi wuya. Makiyaya sukan hau tudu nesa da gonaki, sai ya bi su can. A rugga baƙo namiji ba ya shiga bukka, bukka ta mace ce. Tabarma ake ba shi a waje. Bara ruwa ya dake shi kwana uku a jere, sauro ya ƙarasa aikin, sai a kan jaki wani makiyayi abokinsa mai suna Ya'u ya kawo mana shi, idonsa ya juye. Kwana tara ya yi a asibiti. Da ya tashi, matarsa Albarka ta ce ko dai ya sami inda zai sa kansa a daji, ko ya bar aikin. Shi ya sa bana, kafin ruwa ya zauna, ya ce zai je kasuwar Dogon Dutsi neman tanti. Ni ma ina son zare da allurar keken ɗinki, sai muka shiga mota ɗaya.

Wani Hakim mai gwanjo ne yake da su, guda uku, ya shimfiɗa mana a ƙasa.

Na farko fari ne, babba, mai kauri kamar fatar bijimi. Éphraïm ya ɗaga gefe ɗaya ya sake.

"Wanga na 'yan biki ne," ya ce. "In na ɗora shi, keken ne za shi hau ni."

Na biyu ja ne, ba nauyi, ana hango shi daga nesa kamar gobara. Amma sandarsa ɗaya ta karye an ɗaure da waya, kuma da Éphraïm ya ɗaga shi ya duba ta rana, sai ga haske yana shigowa ta wuri goma. Ya karɓi butar Hakim ya tsiyaya ruwa a kai, ya tara hannu a ƙasa. Hannun ya jiƙe.

"Rariya kake sayarwa, Alhaji?"

"Ai don iska ta shiga ne," in ji Hakim, bai ko yi dariya ba.

Na uku ƙarami ne, na mutum ɗaya, da gidan sauro ɗinke a cikinsa. Sandunansa sirara ne, suna naɗewa su koma tsawon kamu ɗaya. Éphraïm ya rataya shi duka a yatsa guda ya ce bai kai nauyin tiyar hatsi ba. Ya zuba ruwa, ruwan ya gangara kamar a bayan agwagwa. Ya shiga ya kwanta a tsakiyar kasuwa, ya miƙe ƙafa, ya ce har da wurin akwatin magani. Aibinsa ɗaya, ya yage wajen ƙofa kamar faɗin tafin hannu, kuma wannan yagewar ce ta sauko da kuɗinsa daidai aljihun Éphraïm.

Ni ba yagewar nake kallo ba. Launin nake kallo. Kore ne da ƙasa-ƙasa da baƙi, dabbare-dabbare, irin na kayan soja.

Na ce, "Likita, launin nan fa?"

"Shi ne daɗin abin, uwargida. In na kafa shi cikin sabara, ɓarawo ya wuce ta gabansa bai gani ba."

Sau ɗaya na faɗa. Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma na ga yadda yake shafa abin kamar ɗan maraƙi. Na yi shiru. Wannan shirun ya dame ni daga baya.

Da muka dawo gida ya kawo mini in yi masa faci. Na duba tsummokarana, ba mai ƙarfin da zai tare ruwa. Sai na ɗauko zanena na zumuntar matan majami'a, sabo, ruwan ɗorawa mai jajayen tsuntsaye, na yanki kusurwar da ake sokewa a ƙugu, inda ba mai gani. Na ɗinka bi biyu, na goga kakin kyandir a kan ɗinkin. Ban gaya masa ba, amma na so ne a ce akwai wani abu na ɗakin Ubangiji a bakin ƙofarsa. Ya duba ya ce, "Kin sa mini alama don kar wata ta ɗauke ni."

Sau biyu ya fita da tantin ya dawo lafiya, yana yabonsa kamar amarya. Fita ta uku ranar Talata ce, hatsi ya riga ya wuce kan mutum. Ya ce zai je wajen su Ya'u, a tudun da ke bayan Tungar Mani, kwana uku.

Ranar Alhamis da hantsi ina kan keken ɗinki, sai ga Lubabatu, wata mai kawo mini ɗinki daga Tungar Mani. Ita ta tuƙo amalanken jakinsu da kanta, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce ta kawo 'ya'yanta wajen ƙanwarta a nan cikin gari, ta biyo ta karɓi rigarta. Na ga bakinta ya bushe, na ba ta ruwa.

"Lafiya, Lubabatu? Ina mazan, ke ce da jaki?"

"Mazan suna gida, inna Germaine. Mun ga abu."

Ta ce jiya mata biyu sun je tsinkar tafasa a kwarin bayan gonar mai gari, suka kusa taka wani tanti na soja a ɓoye cikin sabara. Suka zubar da ƙorai suka gudu. Da aka aika mutum ya leƙa daga kan gawo, ya ce ba babur, ba hayaƙi, amma ya ji ana gyara bindiga a ciki. Mai gari Mani ya aika wa hukuma, to ruwan shekaranjiya ya yanke hanyar mota, an ce sai gobe. Samari suka ce ba za su sake kwana da abin a bayan gidajensu ba. An kira mutanen tungaye biyu. Da an yi azahar, lokacin da rana ke kora kowa cikin inuwa, za su kewaye wurin.

Har nan ban kawo komai a raina ba tukuna. Sai ta ce, "Har tuta gare su. Ruwan ɗorawa, a bakin ƙofa, da wani ja-ja a ciki."

Na cire ƙafa daga keken. Na ce, "Faɗin tafin hannu?"

Ta dube ni. "Wa ya gaya miki?"

Na kira lambarsa sau uku, ba ta shiga. Lubabatu ta kira ta mijinta, ita ma haka, ta ce a tungarsu sai an hau tudun rijiya ake samun rezon waya. Na leƙa ta katanga. Albarka tana zaune tana tsince wake, cikinta wata takwas, ƙafafunta sun kumbura. Ban ce mata komai ba. Na shiga ɗaki na kwance zanen jikina, na ɗaura na zumunta. Ranar Alhamis, ba ranar taro ba. Da na fito, Albarka ta ɗago kai ta ce, "Yaya, yau akwai taro?" Na ce akwai.

Jaki ba ya san sauri. Lubabatu ta dake shi har na ce ta bari, kar ya tsaya gaba ɗaya. Hanya duk taɓo, sau biyu muka sauka muka tura. Ina duban inuwar amalanken tana shigewa ƙarƙashinsa kaɗan kaɗan. Ni ina addu'ar da na iya, ita tana tata. Wajen wata kuka ta ce, "In ba shi ba ne fa?" Na ce, "In ba shi ba ne, na sha tafiya."

Mun shiga tunga inuwa ta riga ta fara fitowa ta gabas. Ba namiji ko ɗaya, butoci a zube a bakin masallaci, ƙasar wurin da ɗanyen ruwa. Wata tsohuwa ta nuna mana hanya da haɓa. Lubabatu ta raka ni har bakin gonar, a nan ta tsaya. Na shiga hatsin ni kaɗai.

Ban san tsawon gonar ba. Ganye yana yankar fuska, ba na ganin komai sai kara. Sawun ƙafafu na bi, suna da yawa, duk sun nufi wuri ɗaya. Sai kawai wani ya damƙi hannuna ya ja ni ƙasa. Mutane ne kwance a kunya-kunya, wasu da baka, wasu da adda, biyu da bindigar gargajiya. Wanda ya riƙe ni ya kai ni bayan gawo, inda wani dattijo mai farin gemu yake tsugune. Shi ne Mani.

"Ke ɗiyar wa ce?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Mi ya kawo ki nan?"

Na durƙusa. "Ranka shi daɗe, daga Gecheme nike. Wanda ke cikin tantin can ƙanen mijina ne. Allurar dabbobi shika yi. Shi ɗaya ne, ba shi da komi sai keke."

"Mai allura shina ɓuya cikin sabara?"

"Kuskure ya yi."

"Mun ji bindiga."

"Allurar ce, baba. Haka take ƙara."

Wani saurayi a gefensa, mai ɗaya daga cikin bindigogin, ya ce, "Baba, aiko ta suka yi. Tana riƙe mu da magana."

Daga inda nake ina hango tantin ta tsakanin kara, kamar taku arba'in. In ba don facin ba, da ban gan shi ba sam. Gaskiyar Éphraïm, yana ɓacewa. Na ce wa Mani ya dubi abin da suke ce wa tuta, sa'an nan ya dubi zanena. Ya duba can, ya duba nan.

"Zane ko'ina ana saida shi," ya ce.

Ban taɓa kwance bakin zanena a gaban namijin da ba mijina ba. Na juya gefe, na zaro kusurwar da ke soke a ƙuguna, na riƙe sauran da hannun hagu, na miƙa masa. Wurin da almakashi ya ci yana nan, murabba'i, har da rabin tsuntsu. Na ce, "Sauran rabin yana can."

Ya daɗe yana kallo. Ya auna da tafin hannunsa. Bai ce ya yarda ba.

"In haka ne, tahi ki hiddo shi," ya ce. "Ke gaba. Shi hito hannu wofi. In mutum biyu suka hito, ko na ga ƙarfe, ba ni iya riƙe yaran nan."

Na soke zanena na tashi. Tsakanin gonar da sabarar fili ne, ciyawa iya idon sawu. Na taka a hankali don kar wani ya ce na ruga in ba da labari. Bayana ina jin kara yana motsi. Na yi kamar taku ashirin, sai ga shi daga cikin tantin: ƙas, ƙas. Ƙas, ƙas. Yana wanke allurarsa, kamar yadda yake yi kullum bayan aiki. A bayana wani abu ya ce ƙaras, na ji muryar Mani ya ce, "Tsaya."

Na ce, "Likita."

Ƙarar ta tsaya. Sai dariyarsa. "Wa nike ji kamar uwargida? Kewa ta kai ki biyo ni har daji? Bari in hito in ga ko aljana ce."

Na ga tantin ya motsa, ƙofar ta fara buɗewa daga ƙasa. Na san shi. Ba ya ajiye allurar nan a ƙasa, don kar ƙasa ta shiga bakinta. Da ita zai fito, a hannun dama.

Na ce, "Éphraïm."

Ƙofar ta tsaya a rabi.

"Éphraïm, aje abin da ke hannunka bisa akwati. Hiddo hannuwanka biyu tukuna, in gan su. Sa'an nan kanka."

Ina jin kurciya tana kuka can nesa. Da ya yi magana, ba muryar wasa ba ce.

"Albarka ce?"

"Albarka lafiya lau. Yi abin da na ce."

Hannu ɗaya ya fito, sa'an nan ɗayan, a buɗe, suna sheƙi da ruwan sabulu. Ya rarrafo waje da guntun wando, ba riga. Ya ɗago kai ya dube ni, sa'an nan ya dubi bayana. Ban juya ba, a fuskarsa na ga hatsin ya tashi tsaye. Ya zauna daɓas a ƙasa.

Samari biyu suka wuce ni suka yaye tantin da bakin adda, sanda ɗaya ta karye. Ba komai sai tabarma, akwatin magani, ƙullin gari, da allurar a kan akwati. Keken yana kwance cikin sabara an rufe shi da ganye. Wani tsoho daga ɗaya tungar ya matso ya leƙa fuskarsa, ya ce, "Af. Ai Likitan Awaki ne. Shi ya tada mini tunkiya bara waccan." Wasu suka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Saurayin mai bindiga bai yi ba. Ya koma gefe ya tsuguna, ya dafe kansa.

Mani ya zo ya tsaya a kansa. Bai ɗaga murya ba.

"Kwana nawa ka yi nan?"

"Biyu, baba."

"Ta ina ka biyo?"

Éphraïm ya nuna. Hanyar ta bi ta bayan gidan Mani.

"Ka wuce ƙohwar gidana, ka kwana bayan gonata kwana biyu, ba sallama. Uban wa ya koya maka baƙunta haka?"

Éphraïm ya ce ya ji akwai magana tsakanin tunga da su Ya'u, kan shanun da suka shiga gonar wake. Ya ji tsoro in ya yi sallama a ce ya ɗauki gefe, ko a hana shi hawa tudun, maganin kuma ba ya jiran sulhu, ƙanƙarar narkewa take. Ya ce ya ga kwana uku ne kawai, ba wanda zai ma san ya zo.

"Ba wanda za shi san ka zo," Mani ya maimaita. "Da an yi haka nan. Da mun bizne ka ba mu san wa muka bizne ba." Ya juya wajena. "Ke kuma, kin ga launin abin nan tun a gida?"

Na ce na gani.

"Kika bar shi ya taho da shi."

Na ce, "Na bar shi, baba."

Ya sa aka kwashe kayan aka kai zaurensa. Ya ce Éphraïm ya ƙarasa aikinsa gobe, amma daga zauren zai tashi, kuma awakin tunga za a fara yi wa kafin na tudu. Ya aika mutum tudun rijiya ya sanar da hukuma kar su wahala. Ni matarsa ta ba ni fura, na zauna na sha.

Albarka ba ta ji labarin ba sai bayan suna. Ta haifi mace. Da ta ji, kwana biyu ba ta yi wa ko ɗayanmu magana ba.

Tantin bai jefar ba, ba shi da halin wani. Ya ɗaure sandar da kara da tsumma, kamar ƙafar ɗan akuya, ya kawo mini sauran ya ajiye kusa da keken ɗinki. Na bi matan zumunta gida gida, kowa ta ba ni abin da ta iya yankewa. Lubabatu ma ta aiko da wani shuɗi. Sati guda ina jera su a bayan tantin, ina ɗinki ina goga kaki, har launin sojan ya koma sai an nema. Yanzu in an kafa shi, kamar shanyar gidan biki.

Da ya zo ɗauka ya rataya shi a yatsa kamar yadda ya yi a kasuwa. Yatsan ya lanƙwashe. Ya ƙara na biyu.

"Ya kai tiya biyu, uwargida."

Na ce, "Ya kai."

Ya naɗe shi ya ɗaure a bayan keke, ya cire ƙullin gari ɗaya ya miƙo mini don ya rage nauyi. A gaban keken na ga ya rataya ɗan ƙunshin goro. Na tambaye shi na wa ne. Ya ce na mai garin da zai fara isa.